Zancen Malam: Wa Zai Haƙa Salgar Taro?

  

Ga hunturu ya kawo kai, kun kuwa san abin da yake biye da shi a ekklesiyoyinmu, watau takardun gayyata. Daga Kirsimati har bayan Ista ba hutu. Yau taron Zumuntar Mata, gobe na matasa, jibi na mawaƙa, gata na farkawa. Ba laifi ba ne, gama da damina kowa yana gona, ba mai barin noma ya tafi wani gari kwana uku. Saboda haka dukan manyan tarurrukanmu sukan faɗa cikin rani.

Kwanan baya na zauna a kwamitin shirya irin wannan taro. Muka yi awa uku cur. Aka yi zancen mai wa'azi da wanda zai ɗauko shi. Aka yi zancen sa, da buhun shinkafa nawa, da injin wuta, da lasifika. Har an kusa ɓatawa a kan ƙungiyar mawaƙan da za ta fara rerawa. Sa'ad da aka zo addu'ar rufewa sai na ɗaga hannu na ce, "Baba Shugaba, gafara, wa zai haƙa salga?" Aka bushe da dariya. Wani dattijo, wanda nake ganin girmansa ƙwarai, ya ce, "Haba Malam, ga daji Allah ya hore mana." Ban yi masa musu a nan ba, don ba a musu da babba gaban jama'a. Amma tun da yana karanta wannan shafi, bari in faɗa masa dalilina a nan, ku ma ku ji.

Shekarun baya na yi koyarwa a wani ƙauye, ba zan kama sunansa ba, domin laifin da aka yi namu ne duka, nawa kuwa ya fi yawa. Aka kawo taron mata garin. Ni ne mai riƙe da mabuɗan makaranta, don haka saukar baƙi ta faɗo kaina. An ce mana a shirya wa mata ɗari uku. Ran Alhamis da yamma sai ga motoci suna ta juye mutane har suka ninka haka. Azuzuwanmu shida ne, kowanne an gina shi domin yara arba'in su zauna da rana. Na dinga tura mata ciki, da goyonsu, da ƙunshin kayansu, har ba inda za a sa ƙafa. Salga biyu ce a makarantar, ta yara. Rijiya ɗaya ce, ba murfi, kowace mace kuwa da gugarta, ta ja ruwa ta yar da igiya a ƙasa, wata ta zo ta zura tata.

Kafin Asabar salgar nan ba ta shiguwa. Jama'a suka koma bayan makaranta, wajen da gangare yake bi ta gefen rijiya. A daren Asabar ɗin aka buga mini ƙofa, wai wata tsohuwa tana amai da gudawa. Na tarar da ita kwance, idanu sun faɗa, murya ta dushe. Ba wanda ya san sunanta a ɗakin, Iya kawai ake ce mata, gama waɗanda suka zo tare da ita an sauke su a wani aji. Motar da muke da ita ba mai, direban kuma ya tafi kwana wurin 'yan'uwansa. Muka ɗura mata kunu, muka yi addu'a, muka jira gari ya waye. Da asuba aka sami a-kori-kura aka kai ta asibiti, aka yi ta ƙara mata ruwa, Allah ya tashi kafaɗarta. Ran Lahadi aka karanta rahoto cewa taro ya tashi lafiya, aka yi tafi, aka yi guɗa. Bayan mako guda labari ya iso mana cewa wata daga cikin matan da suka kwana a ajin nan ta binne jaririnta kwana biyu da komawa gida. Gudawa ce ta tafi da shi. Wannan bai shiga rahoton kowa ba, amma ni ne na buɗe ajin, ni na ce su ƙara matsawa.

Wanda ya fara buɗe mini ido a kan wannan al'amari maƙwabcina ne, wani Alhaji da muke shan inuwa ɗaya da yamma. Da na ba shi labari sai ya shiga gida ya fito da wani kati ya miƙo mini. Ya ce, "Malam, mu ba a ɗora ka a jirgi sai an ga wannan. Ko kai wane ne, sai an duba jininka, an yi maka allura, an buga hatimi." Na juya katin, na ga kwanan wata da sunan allurai. Daga nan na shiga neman sanin yadda ake yi da lafiyar mutane a aikin Hajji, gama a duniyar nan da wuya a sami taron shekara-shekara da ya tara mutane daga ƙasashe masu yawa kamarsa. Kusan mutum miliyan biyu sukan haɗu a ɗan ƙaramin wuri cikin 'yan kwanaki, daga cikinsu har da mutanen Bebeji da Kiru da muke cin kasuwa ɗaya da su. Abin da suka koya ba a aji suka koya ba, da rayukan mutane aka saye shi. In gemun ɗan'uwanka ya taɓa kamawa da wuta, ai ka tambaye shi yadda ya kashe.

Mu fara da sanƙarau, don shi ne ciwon lokacin tarurrukanmu.

Waɗanda suka kai shekaruna ba su manta da 1996 ba. Ina sakandare a lokacin. A shekarar nan sanƙarau da ƙyanda da kwalara suka haɗu a Kano lokaci guda. Asibitin Zana ya cika ya batse. A Nijeriya kaɗai sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000, ya kashe sama da 11,000, mafi yawansu a nan Arewa. A shekarar ce hukumomin Saudiyya suka hana maniyyatan Nijeriya shiga ƙasarsu. Ku duba fa, mutum ya sayar da shanunsa, ya biya kuɗin kujera, ya yi sallama da dangi, a ce masa bana ba tafiya. An ji zafin abin ƙwarai. Amma masu masaukin suna da dalili, gama sun riga sun ɗanɗana. A 1987 sanƙarau ya ɓarke a wurin aikin Hajji, mahajjata suka koma da ƙwayar cutar ƙasashe dabam dabam ba da saninsu ba. Daga nan aka kafa doka, ba mai shiga sai da shaidar allurar sanƙarau. Abin ya lafa. Sai kuma a 2000 da 2001 wani jinsin cutar, wanda likitoci suke kira W135, ya ɓullo, allurar da ake yi a lokacin kuwa ba ta tare shi. Aka sāke doka, daga 2002 sai allurar da take tare jinsi huɗu. Tun daga nan ba a ƙara ganin babbar annobar sanƙarau a wurin ba, alhali mutane ba su ragu ba, kwana a cunkushe kuma bai ƙare ba. Allura ce ta raba gardama.

A cikin dokar tasu akwai abu ɗaya da nake so iyaye mata su riƙe. Dole a yi allurar aƙalla kwana goma kafin mutum ya isa. Jiki yana bukatar kwanakin nan kafin ya haɗa garkuwarsa. Allurar da aka yi ran tafiya ba ta tsare mutum a taron da za a yi gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaya cutar take bi? Ƙwayarta takan zauna a hanci da maƙogwaron mutum, sau da yawa mai ɗauke da ita lafiyarsa ƙalau, yana waƙa yana rawa. Likitoci sun ce cikin mutum goma akan sami kamar ɗaya mai ɗauke da ita haka nan. Ta tari da atishawa da numfashi kusa da juna take wucewa daga wannan zuwa wancan. Ƙurar hunturu da busasshiyar iska sukan raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta sami ƙofa ta shiga jini, ta hau zuwa rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Shi ya sa cutar takan tashi daga wajen Disamba, ta yi ƙarfi da bazara, ta kwanta in ruwa ya sauka. To, ku auna wannan da ajin makaranta wanda aka zuba mata saba'in, aka rufe tagogi ruf saboda sanyi, aka toshe kafofi da tsumma, ga jarirai a tsakani. Da a ce an tambayi sanƙarau irin masaukin da yake so, da wannan zai zaɓa.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. A bar tagogi a buɗe, a ce wa kowa ya zo da bargonsa. A kafa rumfunan zana a fili domin maza da matasa, a bar azuzuwa ga masu goyo da tsofaffi, a ƙidaya tabarmi kafin a ƙidaya mutane. Gidajen 'yan ekklesiya ma su karɓi baƙi biyu biyu, uku uku, yadda iyayenmu suke yi kafin mu sami gine-gine.

Game da allura kuwa, yanzu muna da abin da ba mu da shi a 1996. Tun daga 2011 aka fara yi wa yara da matasan Arewa allurar MenAfriVac, wadda ta karya lagon jinsin A, shi ne ya yi mana ɓarnar 1996. Amma jinsin C ya nuna mana bai mutu ba a 2017, sa'ad da ya kashe mutum fiye da 1,000, yawanci a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai tare jinsi biyar. Duk sa'ad da kuka ji ma'aikatan lafiya sun shigo da ita, ku fito da yara. Na san akwai masu ɗari-ɗari, na kuma san inda abin ya samo asali. A cikin annobar 1996 ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a Asibitin Zana, gwajin ya shafi yara 200, 11 suka mutu, aka daɗe ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wanda ya tuna da wannan ba wawa ba ne. Sai dai wancan maganin gwaji ne da aka ba marasa lafiya, ba allurar rigakafi ba ce. Allurar sanƙarau kuwa an yi wa miliyoyin mahajjata ita shekara da shekaru, ga su nan muna gaisawa da su kullum. Katin yaro na rigakafi ma a duba shi kafin a ɗauke shi zuwa taro, gama mashaƙo da ya tashi a ƙarshen 2022 Jihar Kano ya fi yi wa ɓarna, yawancin yaran da ya kama kuwa ba su cika allurarsu ba.

Ga alamun da ba a jira da su: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da amai, wuya ya sanƙare har mutum ba ya iya kai haɓarsa ƙirji, ba ya son haske, ko ya fara sambatu. Jariri kuwa yakan ƙi nono, ya yi ta kuka, maɗigarsa ta kumbura. Cutar tana iya kisa cikin kwana ɗaya. Waɗanda suka tsira bayan an makara, waɗansu sukan kurumce har abada. Na koyar da irin yaran nan, na san abin da nake faɗi.

Wani zai ce, "Malam, wannan ai rashin bangaskiya ne. Mun taru da sunan Ubangiji, shi zai tsare mu." Lalle shi ne mai tsaro. Amma a buɗe Kubawar Shari'a sura 23 a karanta. Jama'ar da Allah yake tafiya a tsakiyarsu, su ne aka umarta su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya riƙe abin tono cikin kayansa, in ya gama ya rufe. Musa bai ga wannan ya yi ƙanƙanta da shiga Littafi ba. Ban ga dalilin da zai sa ya yi ƙanƙanta da shiga takardar kwamitinmu ba.

To, mu koma kan salgar, mu yi lissafi kamar a aji. Masu aikin agaji a sansanin 'yan gudun hijira suna da ƙa'ida: salga ɗaya ga mutum 20, in abu ya zo da gaggawa ƙwarai, ɗaya ga mutum 50. Mu ɗauki mai sauƙin. In ana sa ran mutum 800, a raba da 50, salga 16 ke nan. Ba ta siminti nake nufi ba. Rami ne mai zurfi, a shimfiɗa itace a bisa, a kewaye da zana, a ajiye kwanon toka kusa domin kowa ya barbaɗa in ya gama, ƙuda ba ya son toka. Ta mata dabam, ta maza dabam, a rataya fitila a hanya, gama macen da take tsoron duhu ba za ta je nesa ba, bayan aji za ta tsuguna. A nisanta ramin da rijiya aƙalla mita 30, watau kamar taku arba'in na babban mutum, a kuma sa shi ta gangare, kada ya zama sama da rijiya. In taro ya watse a cike ramukan da ƙasa. Matasa ashirin da diga da shebur za su gama wannan aiki a yini ɗaya, in an ba su tuwo.

Ruwa kuma ƙa'idarsa lita 15 ga kowane mutum a yini, domin sha da girki da wanke hannu. Mutum 800 sau 15, lita 12,000 ke nan, watau duro 60 kowace rana. Da na rubuta wannan a allo wani ɗan kwamiti ya riƙe baki. Rijiyar ƙauye da bazara ba za ta ba da wannan ba, sai ta koma laka tun kafin azahar, mutane su bazama rafi da kududdufi. Mu da muke kusa da madatsar Tiga mukan ruɗi kanmu cewa ruwa ba ya yi mana wuya. Yawan ruwa dabam, tsabtarsa dabam. Ruwan sha a tafasa shi, ko a sa masa maganin kulorin da ake sayarwa a kemis, a bi awon da aka rubuta a jiki, a jira rabin awa kafin a sha. A ɗaure guga ɗaya a bakin rijiya, a sa mutum biyu su riƙa ja wa kowa. Randa kuwa a rufe ta, moɗar ɗiba dabam, kofin sha dabam.

Kwalara ba labarin dā ba ce. A 2021 an ƙidaya mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, sama da 3,500 suka mutu, Kano tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Masu binciken da suka bi sawun kwalarar birnin Kano ta 1995 zuwa 1996 sun gano abu biyu da suka bambanta waɗanda suka kamu da waɗanda suka tsira: shan ruwan 'yan garuwa, da rashin wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Wannan na biyun ya taɓa wata al'adarmu. Mukan kawo kwano ɗaya na ruwa, babba ya fara tsoma hannu, a bi da bi har kan ƙaramin yaro, wanda yake wanke hannunsa cikin dauɗar mutum goma. Ladabi ne, amma ba tsabta ba ce. A bar babba ya fara, sai dai da buta za a zuba masa, ruwan ya zube ƙasa, ga sabulu a gefe.

Iyayenmu mata masu girki, ku ne kuka fi kowa wahala a taro, ba na so in ƙara muku kaya. Abu biyu kawai nake roƙo. Shinkafa da miyar da suka kwana cikin zafi, in ba za a tafasa su sosai ba, kada a raba. Kunun zaƙi da zoɓo kuma, ruwan da aka dama su da shi, shi ne ake sha, sukari ba ya kashe ƙwayar cuta. Duk wadda cikinta ya ɓaci ta bar madafa, a ba ta hutu, ba abin kunya ba ne.

Da na san abu ɗaya a daren da Iya ta kwanta, da ba ta kai ga galabaita haka ba. Abin da yake kashe mai gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. A sayi ƙunshin garin ORS a kemis a ajiye tun kafin taro, shi ya fi. In babu, a sami lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, watau ledar fiya-wata biyu, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, ba tozo, da gishiri rabin cokalin. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. A yi ta ba shi kurɓi kurɓi, ko yana amai a dakata kaɗan a ci gaba, ana yi ana neman mota. Mai shan nono kada a cire shi daga nono. Wanda ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo.

Sai zafin rana, ga masu taron Maris da Afrilu. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ba da sanarwar mutuwar mutum 1,301. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, 83 cikin 100 na mamatan ba su da takardar izinin aikin Hajji. Ba su cikin lissafin kowa, don haka ba tanti, ba mota, suka yi ta tafiya a ƙasa cikin rana. Na tuna da Iya wadda ba wanda ya san sunanta. A taronmu ma wanda ba a rubuta ba shi ne ba a tanadar wa wurin kwana, shi ne in ya faɗi ba a san wa za a kira ba. Kowace ekklesiya ta aiko da sunayen masu zuwa tun da wuri, ta kuma naɗa mutum ɗaya da zai san inda kowane nasu ya kwana. Hukumar alhazai takan duba lafiyar maniyyata kafin tafiya, takan tura likitoci su bi su. Hukumar da take kai Kirista ziyara Urushalima, wadda aka kafa a 2007, ita ma takan duba lafiyar masu tafiya. Mu ba mu da likitoci, amma muna iya tambayar tsohuwa ko ta sa maganin hawan jininta cikin jaka, mu tambayi mai ciwon sukari ko ya ci abinci kafin doguwar sujada. Mai ciki da ta kusa, a lallashe ta ta zauna gida, za a kawo mata labari.

Masu tsara shiri kuma su ji tausayi. Jerin gwano da tsayuwar fili a yi su da safe ko da la'asar. Tsakar rana a zauna a inuwa, ruwa yana zagawa. In mutum ya yanke jiki ya faɗi, jikinsa zau, yana magana ba kan gado, kada a kewaye shi a toshe masa iska. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa shi da ruwa, a yi ta fifita, a nufi asibiti. Wanda bai farfaɗo ba kada a ɗura masa kome a baki.

Turmutsitsi ba zan daɗe a kansa ba, gama taronmu bai kai girman da za a ce dubbai sun danne juna ba. Amma ku tuna da Mina, ran 24 ga Satumba 2015, inda 'yan Nijeriya fiye da 270 suka rasu, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf, sananniyar 'yar jarida ta Kano. Kada kuma mu ce sai a wurin miliyoyi. Ran 21 ga Disamba 2024 mutum 10 suka mutu a harabar wata majami'a a Maitama, Abuja, wurin rabon kayan abincin Kirsimati. Ƙofa ɗaya, da yunwa, da tsoron kada abu ya ƙare, sun isa. A Markus sura 6, kafin a raba gurasa sai da aka zaunar da mutane ƙungiya ƙungiya. Mu ma a zaunar da kowace ekklesiya wuri ɗaya, a kai musu abinci inda suke, a bar ƙofofin majami'a duka a buɗe muddin akwai mutane ciki.

Saura zancen mota. Wanda ya san ƙasarmu ya san daga waɗansu ƙauyukan Doguwa kafin a kai babban asibiti tafiya ce, ga dajin Falgore a tsakani in Kano za a nufa, ba kowane direba yake yarda ya ratsa shi da dare ba. Ƙauyukan Kiru da suke nesa da Kwanar Ɗangora su ma sun san wuyar neman mota bayan magariba. Don haka a keɓe mota ɗaya, a cika ta da mai daga kuɗin taro, direbanta ya kwana kusa da ita, kada a aike ta ɗauko itace. A keɓe aji ɗaya domin marasa lafiya, a rubuta a ƙofar. A cikin 'yan ekklesiyarmu akwai nas, akwai unguwarzoma, akwai malaman asibiti, sukan zo taro su zauna a benci kamar kowa domin ba wanda ya nemi su yi wani abu. A neme su tun yanzu. A kuma rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma takarda, a faɗi ranar taro da yawan mutane. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in da aikinsa shi ne sa ido a kan cututtuka masu yaɗuwa, zai fi so ya ji labari kafin taro da a kira shi bayan an fara binne mutane. Dā can iyayenmu suna tsoron duba-gari, yanzu mu ne ya kamata mu gayyato shi.

Rahoton "taro ya tashi lafiya" kuma a daina karanta shi ran Lahadi. Sanƙarau yakan ɗauki kwana biyu zuwa goma kafin ya nuna kansa, kwalara kuwa daga 'yan awoyi zuwa kwana biyar. A jira mako biyu, kowane fasto ya aiko da labarin mutanensa, sa'an nan a rubuta.

Na riga na kai wa Baba Shugaba wannan lissafi a rubuce, na kuma gaya masa cikin ladabi cewa bana mabuɗan makaranta suna aljihuna, ba za su fito ba sai na ga ramuka goma sha shida. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ka cika rigima," amma ya sa hannu. Dattijon nan mai zancen daji shi ne ya ce zai ba da zana ashirin. Matasa sun amsa za su fito Asabar biyu kafin taro. Mai diga ya zo da ita, mai shebur ma haka, gama na makaranta guda biyu ne, ɗaya kuma ƙotarsa ta karye.